Garin kunun yara na leda da ake sayarwa a Gombe: abin dubawa kafin ki biya

Da yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ya daina isarsa, sai uwa ta shiga neman abin da za ta haɗa masa da shi. Na gwangwani irin su Cerelac yana da kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kuma yaro mai ci ba ya barin gwangwani ya daɗe. Shi ya sa garin kunun da ake ce wa Tom Brown ya samu kasuwa. Mata na haɗa shi a gida daga Pantami har Tumfure, ana ajiye shi a kemis da shagunan unguwa, wasu kuma a WhatsApp suke tallarsa. A ganinmu abinci ne mai kyau da ya cancanci kuɗinsa, matuƙar an dace da hannun da ya iya. Ledojin dai kamarsu ɗaya, abin da ke ciki ne ya sha bamban.

Haɗin da aka fi yarda da shi awo 6 ne na hatsi, wato gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, da awo 3 na waken suya, da awo 1 na gyaɗa. Hatsin ke ba da ƙarfi, wake da gyaɗa su gina jiki. Ki tambayi mai sayarwa awonta kai tsaye. Wadda ta san aikinta ba ta inda-inda. Wadda ta ce "ai komai da komai akwai" yawanci masara ce ta yi rinjaye, don ita ce mai auki, waken kuma an ɗan barbaɗa ne kawai.

Waken suyar nan shi ne inda ake gane gwana. Sai an tsince shi, an jiƙa, an tafasa ko a murje ɓawon, an shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ruwan zuma. Ɗanyen wake yana ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki narkar da abinci mai gina jiki, kuma zafi ne ke kashe shi. Idan an yi masa gaggawa, garin zai riƙa gafi, yaron ya sha ya wuni da kumburin ciki da tusa, wani har da zawo, sai a ɗora wa haƙori laifi. Idan kuma wuta ta yi yawa, garin ya yi duhu da ɗaci, yaro ya kawar da kai tun cokalin farko. Ki ɗan lasa kafin ki saya. Mai kyau ƙamshin soyayyen abu yake yi, yana da laushi, ba ya ƙuƙus-ƙuƙus a haƙori. In kin ji yashi ko dusa, ba a rege hatsin ba ko ba a tankaɗe da rariya mai laushi ba.

Gyaɗa kuwa hatsarinta ya fi wannan. Wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane tana iya ɗaukar guba mai lahanta hanta da tauye girman yaro, kuma suya ba ta kashe wannan gubar. Maganin kawai a zauna a tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Haka masarar da ta sha laima. Wannan ba a gane shi da ido bayan an niƙa, don haka mun fi son uwa ta sayi na wadda ta sani, ko mai lambar NAFDAC da ranar haɗawa a jikin leda. Leda marar kwanan wata a bar ta, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da man gyaɗar ke saurin lalacewa, garin ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. A sayi wanda zai ƙare cikin mako 3 zuwa 4, a juye a roba mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali.

Abin da ba mu so sam shi ne zuba sukari da madarar gari tun a leda. Yana sa garin ya yi daɗi a bakin uwa, yana kuma ɓoye ɗacin gyaɗar da ta lalace, ga shi yana saba wa yaro da zaƙi har ya ƙi fate da miyar ganye daga baya. Citta da kanumfari ma kaɗan ya isa. Wani lokacin yajin daga injin niƙa yake zuwa, idan an niƙa barkono kafin garin. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara 1.

Kuskuren da ya fi yawa a gida yake faruwa. Wannan garin ba irin na gwangwani ba ne da ake zuba wa ruwan ɗumi a ba yaro, kuma ba gasara ba ce da ake sheƙa wa tafasasshen ruwa. Dafa shi ake yi. A dama cokali 3 cike da ruwan sanyi kaɗan har gudaji su mutu, a zuba cikin kofi guda na ruwan da ke tafasa, a rage wuta, a yi ta juyawa kamar minti 10. Kaurinsa ya zama idan an karkata cokali ba ya zuba nan take. Kunu tsululu da ake ɗurawa a fida ruwa ne kawai ke cika ɗan cikin, yaro ya ƙoshi amma ba ya ƙiba. A ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, a ba shi da kofi da cokali. Abin da ya rage ya wuce awa 2 kada a mayar masa.

Daga wata 6 zuwa 8 ana farawa da cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a rana, ana ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11 sau 3 zuwa 4. Nono na nan har shekara 2. Ranar farko a lura da fata da leɓe, in an ga ƙuraje ko kumburi ko amai, a dakata a je asibiti, wataƙila gyaɗa ko waken ne bai karɓe shi ba.

Inda na gwangwani ya fi shi, shi ne an ƙara masa sinadarin ƙarin jini da bitamin a kamfani. Na leda sai uwa ta cike wannan giɓin da ƙwai, hanta, dakakken busasshen kifi, garin zogale, gwanda ko mangwaro. Da yaro ya shekara, kunun ya koma karin kumallo, ya ci tuwo da miya tare da 'yan gida. Yayyensa masu zuwa boko ma yana riƙe su har tara, ya fi shayi da burodi nesa. Amma yaron da ya rame har hannunsa ya shiga ja a ma'aunin damtse, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa suka kumbura, wannan tamowa ce mai tsanani, asibiti za a kai shi, kunu ba zai yi ba.

Gida mai yara 3 ko 4 ya fi sauƙi a auno hatsi da wake a kasuwar Tudun Hatsi bayan kaka a haɗa da kai, ko maƙwabta biyu su yi karo-karo. Aikin kwana 2 ne saboda shanya. Ma'aikaciya ko mai ɗanyen goyo da ba ta da wannan sararin ta fara da ƙaramar leda, ta ga yadda cikin yaron ya karɓa cikin mako guda kafin ta sayi babba.