8x42 ko 10x42: wane madubin hangen nesa ya dace da kwazazzaban Filato?

Masu kallon tsuntsaye da ke zuwa dajin Amurum, kusa da Jos, yawanci tsuntsuwa ɗaya ce ke kawo su: baiwar Allah ta dutse, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ce mai zaman kanta. Da ƙyar ta wuce santimita 10. Tana kiwo a ƙasa, tsakanin duwatsu da ciyawa, kuma abin da ke raba ta da baiwar Allah ta gida shi ne launin baki: nata shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, na ta gida ja. Madubin da ba zai nuna maka wannan a cikin inuwa ba, asarar kuɗi ne.

Lambar farko a jikin madubi tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Raba ta biyu da ta farko, ka san yawan hasken da zai isa idonka: 8x42 ya ba da 5.25, 10x42 ya ba da 4.2, ɗan ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5 kacal. Da rana tsaka ba ka ganin bambanci sosai. Amma da sassafe a gindin kwazazzabo, rana ba ta leƙo ba, tsuntsuwa ta shige ƙarƙashin kurmi, nan 8x42 ke nuna kansa. Ya fi faɗin gani kuma, saboda haka idan ta yi tsalle ba ta ɓace maka nan take.

Ba a rasa masu kare 10x42, kuma suna da hujja idan shaho ko mikiya za a hanga daga saman duwatsun Shere. Matsalarsa rawar hannu. Ka hau dutse kana haki, zuciya na bugawa, hoton sai ya yi ta kaɗawa. Wanda wuyansa ba ya son nauyi ya duba 8x32. Zai rage kaya, ya ɗan rage haske.

Dogon madubi mai ƙafa uku, a bar shi ga masu zuwa dausayin Hadeja da Nguru. A kan dutse wahala ce kawai.

Abin da ban yarda a yi rangwame a kansa ba shi ne rufi. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, damina kuma a Filato doguwa ce. Nemi wanda aka toshe aka cika da iskar naitirojin ko argon, irin su Nikon Monarch ko Vortex Diamondback. Zeiss da Swarovski sun fi, amma kuɗinsu ya ninka sau da yawa, sabon shiga bai buƙace su. Masu gilashi ja da ake tallarsu a kasuwa da manyan lambobi, wai suna zuƙo abu sau 30, ka wuce su.

Idan na gwanjo za ka saya, fita da shi waje ka kalli wayar lantarki. Ka ga waya biyu maimakon ɗaya, ya taɓa faɗuwa, ciwon kai zai sa maka. Juya shi ka leƙa ta gilashin gaba da tocila. Zare-zare fari a ciki hunhuna ce, ba ta gogewa daga waje. Sannan ka gwada ko yana kama abu tas daga nisan mita 2 zuwa 3, don wani lokaci a gaban ƙafarka tsuntsuwar za ta sauka.