Koyon haɗa miso a Japan: inda ya dace ka kai kuɗinka

Miso ƙullun waken soya ne da ake tsimawa da gishiri da koji, wato shinkafa ko sha'ir da aka turara aka raina wata irin fumfuna mai amfani a kai. Aikinsa a tukunya kusan irin na daddawa ne. Matafiyin da ke son koyonsa hanya uku ce a gabansa, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ajin girki na awa 2 ko 3 a Tokyo ko Kyoto ya fi sauƙin samu, amma miya za ka koya, ba miso ba. Ziyarar Okazaki a jihar Aichi kuwa, inda Kakukyu da Maruya ke yin Hatcho miso na zallar wake, kallo ne kawai. Za ka ga manyan gangunan katako da tulin duwatsun rafi kusan tan 3 a kai, ana jira sama da shekara 2, amma hannunka ba zai taɓa wake ba.

Abin da ya cancanci kuɗin jirgi shi ne kwana uku a gidan manoma ko ƙaramin shagon masu yin koji a karkara, musamman Nagano, jihar da ta fi kowace samar da miso. Ka je a Janairu ko Fabrairu, domin sanyi na hana ƙwayoyin ɓarna yaɗuwa a farkon aiki. Dalilin kwana ukun shi ne koji kansa yana cin awa 48 a ɗaki mai ɗumi da laima, ana baza shi da hannu idan zafinsa ya kai digiri 40. Wanda bai ga wannan ba ya bar rabin sana'ar.

Awon gida sananne ne: busasshen wake kilo 1, koji kilo 1, gishiri giram 450 zuwa 500, ya ba da kusan kilo 4. A jiƙa waken awa 18, a dafa awa 3 zuwa 4 har ya murƙushe tsakanin babban yatsa da ɗan ƙarami. A kirɓa, a bari ya huce sosai, don zafi na kashe ƙarfin koji. Sai a cuɗa da kojin da aka riga aka gauraya da gishiri, a cura, a riƙa maka curin cikin mazubi da ƙarfi don iska ta fita. A barbaɗa gishiri a sama, a danne da nauyi, a jira wata 6 zuwa shekara. Duk inda iska ta maƙale, nan baƙar fumfuna ke fitowa. Rage gishiri kuma tsami yake jawowa.

A irin gidan nan ne za ka ga yadda ake dashi, wato romon da ake dama miso a ciki a yi miya: ganyen teku kombu giram 10 a lita 1, a tsame shi kafin ruwa ya tafasa, sannan busasshen kifi. Miso kuwa sai an sauke wuta ake dama shi.

Yanzu ga inda ake cutar baƙo. Tallar da ta ce "koyi yin miso" a awa ɗaya, galibi dafaffen wake da koji na leda za a miƙa maka ka murza a roba. Kafin ka biya, tambayi wa ke dafa waken, wa ke yin kojin, kuma za a nuna maka na bara ka ɗanɗana? In sun yi ta kewaye-kewaye, ka wuce. A shago ma, miso mai araha sau da yawa da ɗumi aka gaggauta tsimuwarsa. Musulmi ya duba takardar jiki: alamar 酒精 na nufin an ƙara barasa don tsayar da tsimuwa. Girkin gida ma ana yawan zuba masa mirin da sake, dukansu barasar shinkafa ce, miyar tonjiru kuma da naman alade ake yi, don haka ka sanar da masu gida tun wajen kama wuri. Ɗanyen ƙullun da ka haɗa yana fitar da iska, kada ka toshe murfinsa gam, kuma ka binciki dokar kwastan ta ƙasarku kafin ka sa shi a jaka.