Kwas ɗin wakilcin kamfanin magani: abin da ya ba ni da abin da bai ba ni ba

Shekara huɗu na yi ina aikin sayar da kaya kafin na yi niyyar komawa harkar magunguna. Baki kam ina da shi. Inda na gane iyakata shi ne a ganawar neman aiki ta farko, da aka miƙo mini takardar nan mai ƙananan rubutu da ake ninkewa a cikin kwalin magani, aka ce in yi bayanin sashen da ya shafi masu ciwon ƙoda. Na karanta har sau biyu, amma ma'anar ta ƙi shiga. A makon na yi rajistar wani kwas na intanet da ke horar da wakilan kamfanonin magani, wato masu zuwa wurin likitoci su tallata musu magungunan kamfani, mai jarrabawa da satifiket a ƙarshe. Wata uku ya ɗauke ni, ina karatu da dare bayan tashi daga aiki. Yanzu na doshi shekara a sabon aikin.

Sashen da ya biya ni kuɗina shi ne na tafiyar magani a jiki: yadda hanji ke tsotsarsa, jini ya yaɗa shi, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi. A nan na fahimci cewa kowane magani yana da lokacin da yawansa a jini ke raguwa da rabi, kuma sai irin wannan lokaci ya maimaitu sau 4 zuwa 5 kafin a ce kusan duka ya fita. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake shan wani sau ɗaya a rana, wani kuma sau uku. Idan ƙoda ta yi rauni, maganin da ke bi ta cikinta sai ya taru a jiki, dole a rage adadi ko a tsawaita tazara. Amsar tambayar da ta kayar da ni ke nan, a darasi ɗaya.

Sai darasin karanta sakamakon gwaji, wanda har yau nake komawa gare shi. An bi da mu matakan gwajin magani: na farko a kan mutane ƙalilan don a ga ko jiki zai ɗauka, na biyu a kan marasa lafiya don a gano adadin da ya dace, na uku a kan ɗaruruwa ko dubbai, na huɗu kuma sa ido bayan ya shiga kasuwa. Amma abin da ya fi taɓa ni wani ɗan lissafi ne. A ce cikin mutum 100 da ba su sha magani ba, 2 ne suka samu bugun zuciya, cikin 100 da suka sha kuwa 1 ne. Takardar talla za ta ce ya rage haɗari da kashi 50 cikin 100, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai mutum 100 ne suka sha kafin 1 ya tsira. Likita nagari lissafi na biyu yake nema, kuma wakilin da ya riƙe na farko kawai, da wuya a sake ba shi kujera.

Bangaren ƙa'ida ma an yi ƙoƙari. An fara da labarin thalidomide, maganin da aka janye a 1961 bayan an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, don mu san daga inda tsaurin dokokin ya samo asali. Ba a tallata magani a kan cutar da hukuma ba ta amince a yi amfani da shi a kanta ba, ko da likita ne ya jawo zancen. Idan wani ya ambaci illar da maganin kamfaninka ya yi wa majinyaci, ko a tsaye ne a bakin ƙofa, kai rahoto ya zama wajibi a kanka, galibi cikin kwana ɗaya na aiki. Tun 2019 kuma ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin magani ta duniya, IFPMA, ta hana mambobinta ba wa likitoci kyaututtukan tallan magungunan da sai likita ya rubuta.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne inda na fi tsammanin ƙarfinsa, wato dabarun sayarwa. Bidiyoyin sun nuna likita zaune cikin natsuwa yana sauraron wakili na tsawon minti goma. A zahiri minti biyu kake samu, a tsaye, majinyata na jira. Babu wanda zai saurare ka ya gyara maka, jarrabawar ma ta zaɓen amsa ce zalla. Dokokin da aka koyar na ƙasa ɗaya ne, na ƙasar da nake aiki sai da na nemo da kaina.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne tallan kwas ɗin, wanda ya sa mutum ya ɗauka satifiket ɗin mabuɗin aiki ne. Ba lasisi ba ne. A ganawa uku da na yi bayan kammalawa, mutum ɗaya ne ya kalle shi, shi ma ya ajiye ya shiga yi mini tambayoyi. Yawancin kamfanoni digiri suke fara dubawa, sannan su horar da kai a kan magungunansu. Akwai ƙasashen da ke da jarrabawar da masana'antar ta sani, kamar ta ABPI, ƙungiyar kamfanonin magani ta Birtaniya, wadda ake so wakili ya ci cikin shekara biyu da fara aiki. Kafin ka biya kowa, tambayi wakilai biyu ko uku da ke kan aikin wace takarda ce kamfanoninsu ke girmamawa. Wanda ya karanci harhaɗa magunguna ko jinya, ban ga abin da kwas irin wannan zai ƙara masa ba. Irina da ya fito daga wani fanni, shi nake ba shawarar ya yi.

A watana na biyu a sabon aikin wata likita ta tare ni a tsakiyar bayani, ta ce, "Tsoho mai raunin ƙoda fa?" Na faɗa mata adadin da takardar maganin ta tanada da dalilinsa. Ta sake jefo wata a kan haɗa shi da wani magani. Na ce, "Likita, wannan ba ni da tabbas, zan miƙa wa sashen likitocinmu su ba ki amsa a rubuce." Ta ɗago ta dube ni, ta ce in dawo ranar Laraba da cikakken rahoton gwajin.