Kafin a yanke fatar da ta saki: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Duk wanda ya sauke kilo 40 ko 50 ya san abin da ke biyo baya. Teɓa ta tafi, fata kuwa ta ƙi komawa: ta zubo a mara kamar buhun da aka zazzage, tana reto a damtse, in zafin Afrilu ya kama kuma ƙarƙashinta ya yi ja, ga ƙaiƙayi ga wari. Sai a shiga tambayar kuɗin tiyata a Legas ko Alƙahira ko Istambul. Akwai cefanen da ya riga wannan. Yankan da ake yi wa irin wannan jiki dogo ne, wani har zagaye ƙugu yake yi, kuma da abin da ke cikin jininka zai haɗe.

Kuɗin farko na ɗakin gwaji ne. A duba yawan jini, wato PCV, da feritin wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, da bitamin B12 da D, da albumin wanda furotin ne na cikin jini, da sukari. Mutum na iya samun PCV mai kyau alhali rumbun ƙarfensa ya kusa ƙarewa, tiyatar kuma tana cin jini. Likitoci sukan so nauyi ya tsaya wuri guda kamar wata shida, wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba kuma ya jira wata 12 zuwa 18. Wannan jiran shi ne lokacin gyara abin da gwaji ya tona.

Zaɓin ƙwayar bitamin ya danganta da yadda ka rame. In da abinci da motsa jiki ne, ko da allurai irin su Ozempic da Mounjaro, hanjinka lafiya lau yake, ta gama-gari takan wadatar. In an yanke maka tumbi, balle a ce an karkatar da hanji har abinci na tsallake wurin da ake tsotsar ƙarfe da kalsiyam, to irin da aka haɗa musamman don masu wannan tiyata ta fi, duk da tsadarta. Masu kama da alawa da ake taunawa, a bar wa yara. Yawancinsu babu ƙarfe a ciki.

Kalsiyam iri biyu za ka tarar. Kabonet ya fi araha, amma sai da ruwan tsamin ciki yake narkewa, abin da mai rabin tumbi ba shi da isasshe. Sitiret ba ya buƙatar wannan. Ƙwayarsa ƙatuwa ce, kuɗinsa ya ɗara, shi ne dai na saye. Ana raba shi kashi-kashi a yini, don jiki ba ya ɗaukar fiye da miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya.

Wajen maganin ƙarin jini aka fi yin asara. Juya kwalin ka karanta bayansa: ƙwayar feros salfet mai lamba 200, ainihin ƙarfen da ke cikinta miligiram 65 ne, kuma wannan ƙaramar lambar likita yake nufi. Tana da araha, tana aiki, sai dai tana ɗaure ciki, bayan gida ya yi baƙi. Kada ka haɗa ta da kalsiyam, bar awa biyu tsakani, kada kuma ka kora ta da shayi, ko da mai shayin unguwa abokinka ne. Tonik ɗin kwalba mai zaƙi da ake tallatawa, ban ga dalilin sayensa ba. Sau da yawa sukari ya fi ƙarfen yawa. In an yi wata biyu ko uku feritin bai motsa ba, ƙarin ƙarfe ta jijiya a asibiti ya fi ci gaba da haɗiyar ƙwaya. B12 ma haka: akwai ta tsotsa, akwai allurar wata-wata, wadda ba ta bi ta ciki sam.

Sai furotin, wanda da shi nama ke haɗewa. Mafi ƙaranci ga wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba giram 60 ne a rana, likitan fiɗa kan nemi fiye. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ƙirjin kaza dafaffe mai nauyin giram 100 ya kai kusan 30. Kifi, kindirmo, awara, alala, duk suna cikin lissafi, kuma in cikinka na ɗauka, sun fi kowane gwangwani araha. Wanda loma biyar ke ƙosar da shi ne ke buƙatar gari. A nan ka nemi wanda aka tace daga ruwan madara, mai giram 20 zuwa 25 a ludayi. Garin kolajin da ake cika Instagram da shi, wai yana ɗame fata, furotin ne mai giɓi, babu sinadarin tiriftofan a cikinsa, kuma fatar da ta riga ta saki ba gari ne zai mayar da ita ba. Kowanne ka ɗauka a Najeriya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Akwai kuma na ajiyewa. Sigari da shisha suna matse ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bakin ɗinki, a bar su aƙalla sati huɗu kafin aiki da huɗu bayansa. Ƙwayoyin tafarnuwa, man kifi da bitamin E mai yawa na iya ƙara zubar jini. Ranar ganin likita, zuba duk abin da kake sha a leda, har tsimi da jiƙon da Hajiya ta aiko, ka juye masa a tebur. In kana allurar rage ƙiba, faɗa wa mai ba da maganin barci tun da wuri, domin tana sa abinci ya daɗe a ciki, shi zai gaya maka ranar da za ka dakata.