Blackmore ko Van Halen?

Ritchie Blackmore makaɗin jita ne ɗan Ingila, jita samfurin Fender Stratocaster yake kaɗawa. Sautinsa siriri ne mai kaifi, kowace tsirkiya tana fita tsaf duk da hayaniyar Deep Purple, ƙungiyar kiɗan da ya yi suna a cikinta. Eddie Van Halen kuwa, wanda ya tashi a Amurka, da hannunsa ya harhaɗa jitarsa. Nasa sautin mai kauri ne da ɗumi, kuma a faifan farko na ƙungiyarsa mai suna Van Halen, na 1978, ya riƙa ƙwanƙwasa wuyan jitar da yatsun hannu biyu, abin sai wanda ya gani.

Mawaƙa ne suka sa na karkata ga Blackmore. A lokacin da suke tare a Deep Purple, mawaƙi Ian Gillan kan tsaga murya suna mayar wa juna martani da jitar, sannan a 1975 ga Ronnie James Dio a Rainbow, sabuwar ƙungiyar Blackmore. David Lee Roth, mawaƙin ƙungiyar Van Halen a wancan lokaci, gwanin dandali ne, amma muryarsa ba ta kai ta Sammy Hagar, magajinsa a 1985, ba.