Sharhi Kan Wani Shagon Sarin Hatsi, Ƙwai da Kaji a Yankin Gujungu

Mai kiwon kajin ƙwai a ƙauye yana tsakanin kasuwa biyu ne, kuma babu wadda yake da iko a kanta: kasuwar da yake sayen masara da waken suya da dusa, da kasuwar da yake kai ƙwai da tsofaffin kaji. Shagon da nake son yin bayani a kansa ya haɗa kasuwannin biyu a wuri ɗaya, domin yana sayar da hatsi a kan sari, yana sayen ƙwai daga ƙananan gonaki, sannan yana haɗa masu kaji da masu saye idan lokacin fitar da su ya yi. Yana bakin titi ne a yankin Gujungu ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, ba nisa da inda hanyar da ta taso daga Ringim take rabuwa zuwa Gumel da Haɗeja. Ni mai ƙaramar gonar kaji ne a wannan yanki, kuma na daɗe ina hulɗa da shagon a matsayin mai saye da kuma mai sayarwa, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi ɓangarorin biyu.

Zan fara da hatsi, domin a nan ne shagon ya fi cancantar yabo, kuma a nan ne kuɗin mai kaji yake tafiya. Abinci shi ne yake cinye kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kiwon kaji, masara kuma ita ce kimanin rabin abincin ko fiye da haka. Kaza guda mai yin ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 500 suna tashi da fiye da buhu biyu na abinci mai kilo 25 a kowace rana, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya fahimci wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa ba a wasa da batun awo. A yawancin kasuwanninmu ana ciniki ne da buhu, a ce kwano 40 ne a ciki, amma kwanon wani ba kwanon wani ba ne, kuma cikar buhu ta dogara da hannun wanda ya auna da wanda ya ɗinke. A wannan shago akwai sikeli a bakin ƙofa, kuma ana ɗora kowane buhu a gaban mai saye kafin 'yan dako su ɗauka. Idan buhu ya gaza, ana cika shi ko a rage kuɗi a nan take, ba tare da an kai ga musu ba. Ban taɓa kai buhu gida na sake aunawa na tarar da gibin da zai sa in koma ba.

Abin da ya fi awon ma muhimmanci a wurina shi ne bushewar masarar. Da kaka, wato daga Oktoba zuwa Disamba, sabuwar masara tana cika kasuwa da araha, kuma da yawa daga cikinta ba ta gama bushewa ba, domin manomi yana gaggawar biyan bashin taki da na 'yan ƙwadago. Masarar da danshinta ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba ta ajiyuwa: nauyinta yana raguwa bayan an saya, sannan ta yi funfuna a cikin buhu. Funfunar nan tana haifar da guba da ke lalata hantar kaza, ta rage yawan ƙwai, ta kuma raunana kajin har allurar rigakafi ta kasa yi musu aiki yadda ya kamata. Mai gona sai ya yi ta sayen magani yana zargin cuta, alhali matsalar tana cikin buhun da ya yi murnar samu da araha. Mai wannan shago ba ya karɓar ɗanyar masara sai ya sa an baza ta a rana, yana jera buhunansa a kan katako maimakon a ƙasa, kuma yana barin mai saye ya soka buhu a tsakiya ko a gindi ya duba, ba a baki kawai ba inda masu algus suke zuba mai kyau. Tsakuwa da ɓuntu ba su da yawa a kayansa. Dawa da gero ma haka suke, ko da yake ni ba na sayensu sosai sai idan masara ta yi tsada har ta kai in maye wani kaso da farar dawa.

Farashinsa ba shi ne mafi sauƙi ba, kuma ya kamata mai karatu ya san haka. Idan mutum ya shiga cikin kasuwar Gujungu ranar Lahadi da sassafe ya tari manoma da kansa, zai samu ƙasa da abin da shagon yake sayarwa. Shagon yana bin farashin kasuwar Dawanau da ke Kano ne, inda mai shi yake buga waya kowace safiya kafin ya yanke na ranar, sannan ya ɗora abin da ya ɗora. Wata rana na ce masa, “Alhaji, kayan nan a ƙofar gidanmu aka noma su, me ya haɗa su da farashin Dawanau?” Ya amsa da cewa, “Malam, motar da za ta kwashe su zuwa Dawanau tana nan tsaye a bakin titi, in ba ka saya a haka ba su za su saya.” Maganarsa gaskiya ce, domin manyan 'yan kasuwa da wakilan kamfanonin abincin kaji suna bin kasuwannin ƙauye irin su Gujungu da Dambatta da Wudil suna tara kaya, kuma abin da suke biya shi ne yake zama farashin kowa. A ganina bambancin da ke tsakanin farashin shagon da na tsakiyar kasuwa bai kai asarar buhu guda da ya yi funfuna ba, ballantana idan aka haɗa da la'adar dillali da kuɗin dako da ɗinki da mutum zai biya a can.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada kowa a wannan sana'a, kuma a cikinsu ne na fi sanin halin shagon. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗin hannu, ƙwai ya taru a gonaki babu masu saye, domin masu shayi da masu ƙananan shaguna da tsabar kuɗi suke ciniki. Shagon bai daina karɓar ƙwanmu ba a lokacin, ko da yake ya rage farashi, kuma ya riƙa biyan mu ta tiransifa ko ya ba mu masara a madadin kuɗi. Daga baya aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar, wanda ya taɓa kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari har zuwa lokacin da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. A shekarar 2024 buhun masara ya haura naira 70,000, kiret ɗin ƙwai ya wuce naira 5,000, kuma duk da tsadar ƙwan gonaki da yawa sun rufe domin kuɗin abinci ya fi ƙarfinsu. A watan Fabrairu na shekarar ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. A duk wannan lokaci ban ga shagon ya kulle sito ya ce babu kaya don jiran farashi ya ƙara tashi ba. Da gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a watan Yuli na 2024, sannan hatsi ya sauko sosai a 2025, shagon ya sauke farashinsa tare da kasuwa, ko da yake ya ɗan yi nawa wajen yin hakan a kan tsohon kayan da ya saya da tsada.

A ɓangaren ƙwai, tsarin shagon mai sauƙi ne. Ana kawo kiret mai ƙwai 30, a ware manya da matsakaita da ƙananan da sababbin kaji suke fara yi, kowanne da farashinsa, a cire fasassu a gaban mai kaya. Motarsu tana kwashewa zuwa Kano da Haɗeja da Gumel, inda masu shayi da gidajen burodi da 'yan sari suke saye. Amfanin wannan ya fi bayyana da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake rage yawan ƙwan da kaji suke yi, yake sa ɓawon ya yi laushi, kuma ƙwan da aka ajiye ba ya daɗewa. Mai gonar da ba shi da mota ba zai iya jiran farashi mai kyau a irin wannan yanayi ba, saboda haka samun wurin da zai karɓa kullum ya biya a ranar babbar rahama ce. Da damina kuwa, idan ƙwan zabi ya shigo kasuwa kuma makarantu suka tafi hutu, farashi yana sauka, kuma shagon ba ya ɓoye wa kowa hakan. Abin da nake ganin ya kamata su gyara a nan shi ne rashin ma'auni wajen ware manya da matsakaita. Ido ne kawai yake yanke hukunci, kuma na lura idon yaran shagon ya fi tsanani a ranar da ƙwai ya yi yawa. Wurin da ya iya ajiye sikeli don hatsi ba zai gagara ajiye ƙarami don ƙwai ba.

Babban aibin shagon, wanda shi ne dalilin da ya sa na ga dacewar rubuta wannan sharhi, yana cikin tsarin bashinsa. Suna ba ƙananan masu gona masara da waken suya bashi, a biya da ƙwai. A zahiri taimako ne, domin kaza tana ɗaukar mako 18 zuwa 20 tana ci kafin ta fara ƙwai, kuma a wannan tsakani ne jarin yawancinmu yake ƙarewa. Sai dai ana rubuta kuɗin hatsin ne a farashin ranar da aka ɗauka, tare da ƙari a kan na mai biya hannu da hannu, shi kuwa ƙwan ba a yanke masa farashi sai ranar da aka kawo shi, kuma shagon ne yake yankewa. Wanda ake bi bashi ba ya iya kai ƙwansa wani wuri ko da an taya shi da abin da ya fi, domin ya riga ya yi alkawari. Ta haka haɗarin kasuwa gaba ɗaya yake komawa kan mai gona, ya sayi hatsi da tsada, ya sayar da ƙwai da araha, a hannun mutum ɗaya. Na ga maƙwabcina da ya shiga wannan tsari ya gama zangon kajinsa gaba ɗaya bai ga ribar da zai sayo sababbin 'yan tsaki ba. Ban ce an zalunce shi da gangan ba, domin duk abin da aka rubuta a littafi daidai yake, amma yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ne yake riƙe da farashin saye da na sayarwa ba ta da adalci ko da masu yin ta mutanen kirki ne. Duk wanda larura ta sa zai karɓi wannan bashi, ya nemi a rubuta tun farko cewa za a sayi ƙwansa a farashin da ake biyan kowa a ranar, kuma yana da damar sayar da shi a wani wuri ya kawo kuɗi.

Harkar kaji masu rai ita ce mafi rauni a ayyukan shagon. Suna samo masu sayen tsofaffin kajin ƙwai da na nama, musamman gab da Sallah da kuma watan Disamba, kuma la'adarsu ba ta da yawa. Amma kejin da ake zuba kajin suna kusa da inda ake jera kiret ɗin da ake mayar wa masu gona, kuma ban ga ana wanke su ko fesa musu magani ba. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, ta sha dawowa, kuma Kano tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Kiret da keji da tayar mota da takalmin ɗan dako duk suna ɗaukar cuta daga gona zuwa gona, musamman da hunturu lokacin da kajin gida suke yawan mutuwa a ƙauyuka. Ni dai kiret ɗina na roba ne masu alama, ina wanke su kafin su shiga gona, kuma ba na barin motar shagon ta wuce bakin ƙofa. Na yi wa Alhaji wannan magana, ya ce zai matsar da kejin zuwa bayan shagon, amma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu suna nan inda suke.

Ga mai sayen masara da kuɗi a hannu, ko mai ƙwan da ba shi da hanyar kai shi birni, ina ba da shawarar wannan shago ba tare da shakka ba, kuma ya fi kyau a je ranar da ba ta kasuwa ba, domin ranar Lahadi cunkoso yana hana a tsaya a duba kaya a tsanake. Wanda yake da halin ajiya ya sayi masararsa daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, lokacin da ta gama bushewa kuma farashi bai fara hawa ba, ya zuba ta a buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska. Wanda kuma yake tunanin bashin hatsi, ya fara zama da Alhaji a kan sharuɗɗan kafin a ɗora masa buhu ko ɗaya a mota.