Likitar dabbobin da ta zo mana lokacin ƙurajen baki

A watan Agustan 2019 na shiga garke da sassafe na tarar da goɗiyata tsaye, yawu na dalala daga bakinta kamar igiya, ciyawar jiya tana nan ba ta taɓa ba. Da na ɗaga leɓenta sai na ga fatar harshen ta saɓule, jajir. Gonarmu tana jihar Colorado a Amurka, bakin rafi, kuma ban da dawaki biyu muna da shanu shida. Gabana ya faɗi, don boru, cutar baki da kofato ta shanu, ne ya fara zo mini a rai.

Na kira wata likitar dabbobi mai zagayawa gonaki da mota. Kafin rana ta take ta iso. Ba ta taɓa dabbar ba sai da ta sa safar hannu, ta miƙo mini tawa, ta ce cutar kan kama mutum da zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura. Sannan ta kwantar mini da hankali: doki ba ya kamuwa da boru. Abin da take zato shi ne cutar da ake kira vesicular stomatitis, wadda ƙananan ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, kuma wasunsu a ruwa mai gudu suke hayayyafa. Ta nuna rafin da haɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye mini komai ba. A gabana ta ɗebi jini, ta sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha, ta ce doka ce, domin a jikin saniya ko alade ido ba ya iya raba wannan cuta da boru, sai gwaji. Aka killace gonar na kwana 14. Maganin ƙwayar cutar babu, sai jinya: jiƙaƙƙen abinci mai laushi, wanke baki, bokitin ruwa daban, feshin ƙuda, da shigar da dabbobi rumfa tun kafin magariba.

A rana ta tara saniya ɗaya ta fito da ƙuraje a kan nono, tana harbi in ɗan maraƙi ya matso. Lissafin kwana 14 ya koma farko. A nan ne likitar ta ɓata mini rai, don na yi ta kira har kwana biyu kafin ta ɗaga. Na san gonakin da cutar ta shiga a lokacin suna da yawa, amma ko saƙo ɗaya da ya wadatar. Takardar kuɗinta ma jimla kawai ta rubuta, ba bayani.

Duk da haka, in wani abu ya sake tasowa ita zan kira. Cikin mako biyu goɗiyar ta koma cin ciyawa, harshen ya warke sumul.